Shayin da aka ce ma sabulu: tambayoyinku kan ganyen 'yan Sin mai ƙamshin fure

Jama'a sannunku da zafi. Wannan satin saƙonni sun taru kan abu guda, wato koren shayin nan na ƙasar Sin mai ƙamshin furen yasmin, wanda yanzu ya fara yawo a gidaje nan Damagaram, wani tsaraba aka kawo mai, wani kyauta. Na zaɓi biyar a ciki, na fari shi ya fi ba ni dariya don haka da shi za mu fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa. Ni ne mai dafa shayi a fadarmu nan Garin Malam, shekara kusan shida ba wanda ya taɓa kushe hannuna. Yayana da ke aiki a matatar mai ta hanyar Tanout ya kawo min wani ɗan gwangwani, wai abokin aikinshi ɗan Shinuwa, wato ɗan Sin, ne ya ba shi, ganyen a dunƙule ƙanana-ƙanana kamar kashin awaki. Na kamfata na zuba a buta na ɗora kan furno kamar kullum, ya tafasa ya ƙara tafasa, na sa sukari na yi kumfa mai kyau. Wallahi Kawu kowa ya kurɓa sai ya tofar, wani ya ce sabulun wanka na dafa musu, wani ya ce humrar amarya ce. Har yau tsiya ake min. Ganyen ne ya lalace ko me? (Daga wani ɗan fada)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ganyen lafiyarshi lau, kai ne ka kashe shi, amma ba laifinka ba ne, hannunka ya yi abin da ya saba. Ni ma ranar da na fara samunshi haka na yi mai, sai dai ni Allah ya rufa min asiri ni kaɗai ne a gida.

Ganyen da muke dafawa kullum, wannan na kwali mai lamba 41022 ko 3505, shi ma fa daga Sin yake zuwa, kuma shi ma kore ne. Amma shi ganye ne mai taurin kai, yana jure wuta, mu kuma abin da muke nema a cikinshi shi ne ƙarfi da ɗaci, sai mu danne da sukari. Wannan na gwangwanin naka dukiyarshi duka ƙamshi ce, ƙamshi kuwa tururi yake bi ya gudu. Da ka tafasa shi minti ashirin, mai daɗin ya tafi sama, abin da ya rage a buta sai bauri da wani nauyin wari kamar turaren da ya kwana a riga, ka zo ka ƙara mai sukari rabin kofi. To ina mamaki an ce sabulu?

Ga yadda za ka yi ka wanke kanka a fada. Tafasa ruwa shi kaɗai, babu ganye. In ya tafasa sauke shi ya huce, ana son ya sauko wajen digiri 80, tafasasshe kuwa 100 yake. Ba sai ka nemo ma'aunin zafi ba, ka bar butar a buɗe minti biyar zuwa shida, ko kuma ka yi amfani da gwanintarka, wannan ɗaga buta sama da kake yi kana tsiyayawa don kumfa, yi ma ruwan zalla haka sau uku ko huɗu tsakanin buta da kofi, zai sauko daidai. Sai ka samu kofin gilashi babba, ba ƙananan namu ba, ka sa ganye kamar giram 3, cokalin shayi ɗaya ke nan, ka zuba ruwan a kai ka rufe da faranti. Minti biyu, in ya yi yawa uku. Shi ke nan an gama, babu furno babu fifita.

Kuma don Allah a gilashi ka yi, ka zauna ka kalla. Waɗannan 'yan dunƙulen da ka kira kashin awaki, su masu abin lu'ulu'u suke ce musu, da hannu ake murza su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga sun nutse, can sai su fara warwarewa a hankali kamar ana kwance rawani, kowane ɗaya ya zama ɗan toho da ganye ɗaya ko biyu, ruwan ya koma ruwan ɗorawa mai haske-haske wanda kana hango yatsanka ta bayan kofin. Ka ɗaga farantin ka fara shinshina cikinshi kafin ka sha, nan ƙamshin ya fi taruwa. Kurɓar farko za ka ce ai ruwan zafi ne kawai, don harshenka ya saba da duka, amma ka ɗan riƙe shi a baki ka haɗiye ka fitar da numfashi ta hanci, sai ka ji furen ya taso daga maƙogwaro, bayan nan wani ɗan zaƙi-zaƙi ya biyo baya ba tare da ka sa sukari ba. In ka ji ya kama maka harshe kamar ka tauna ɗanyen goro, to ruwan ya yi zafi ko ka bar shi ya daɗe.

Abu ɗaya da muka yi tarayya da 'yan Sin, su ma ba sa zubar da ganye bayan zagaye ɗaya. Ka tsiyaye ka ƙara ruwa, na biyu da yawa sun ce ya fi na fari, na uku ma yana nan da sauranshi in ganyen na kirki ne. Ka ga na fari, na biyu, na uku, ba baƙon abu ba ne a wurinka. Shawarata dai kar ka kai ma 'yan fada da daddare lokacin da kowa ke jiran mai ƙarfi, za su sake yi maka dariya ko da ka yi shi daidai. Kira mutum biyu masu haƙuri da hantsi ku gwada.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai tsorona ɗaya, wannan ƙamshin ba turare suke fesa mai ba kuwa? Na zazzage ganyen a tire na duba ban ga fure ko ɗaya ba, amma ƙamshi har tsakar gida. Kar mutum ya je yana shan abin da bai halatta ba. (Daga wata Hajiya, Birni)

AMSA: Hajiya barka kadai, kin yi tambayar da ta fi kowace daɗin amsawa, kuma ke ce za ki fi saurin ganewa don aikin irin naku ne na mata. In kin ɗora kaya kan kabbasa kin sa turaren wuta a ƙasa, gobe in kin ɗauko zanen akwai itacen turare a jikinshi? Babu, amma ƙamshi ya shige zare. Ko saiwar jema da ake sakawa a randa, ruwa ya ɗauki ƙamshi a cire saiwar. To haka ake yi ma shayin nan, ganyen shayi busasshe yana da kwaɗayin wari, duk abin da ke kusa da shi sai ya zuƙe.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ganyen ana tsinkarshi tun wajen watan Maris da Afrilu, a gasa shi a busar a ajiye, don furen bai zo ba tukuna, shi sai lokacin zafinsu, daga Yuni har wajen Satumba. Furen yana da wata ɗabi'a, da dare yake buɗewa, kuma lokacin buɗewar ne yake sakin ƙamshi. Saboda haka da rana tsaka zuwa la'asar, cikin zafin nan, ake shiga gona a tsinko waɗanda suka ƙosa amma ba su buɗe ba, wanda ya riga ya buɗe jiya ba shi da amfani. A kawo su a baza ana juyawa ana jira, bayan isha'i su fara buɗe baki, sai a cakuɗa su da ganyen shayi a tara tsibi. Tsibin nan yana ɗaukar zafi da kanshi don furen da ranshi, in aka bar shi zai dafe ya ɓata komai, dole cikin tsakar dare a tashi a baje shi ya sha iska a sake tarawa. Da safe furen ya yi yaushi ya ba da abin da ke gare shi, a rairaye shi a fitar, a sake busar da ganyen saboda ya riga ya sha laima. Wannan sau ɗaya ke nan fa Hajiya. A bar shi ya huta 'yan kwanaki a kawo sabon fure a maimaita. Na talakawa sau biyu ko uku, na manya har sau bakwai, wani tara. Shi ya sa mai tsadar ke cin makonni ana abu ɗaya, mutane ba barcin kirki.

Don haka rashin ganin fure a tirenki ba aibi ba ne, galibi ma alamar an yi aikin yadda ya kamata ce. Busasshen furen yasmin kusan ba ya da sauran ƙamshi, wasu 'yan kasuwa suna barbaɗa shi a ganye mai araha don ido kawai. Akwai dai wani nau'i na lardin Sichuan da ake barin fure a ciki da gangan don ya yi ta yawo a saman kofi, wannan salonsu ne daban.

Amma tsoronki yana da tushe, akwai na bogi da ake fesa ma ƙamshin kwalba. Yadda za ki gane, na feshi yana dukan hanci da ƙarfi tun daga buɗe leda, har ya hau kai, kuma zagaye ɗaya yake yi, kina ƙara ruwa na biyu sai ki ji wayam. Na gaskiya ƙamshinshi a kwance yake, yana bin ki har ruwa na uku. Na gargajiyar kuwa ganye ne da fure kawai, babu giya babu komai a cikin aikin. In na kwali ne ki sa yaro ya karanta miki abin da aka rubuta an haɗa a ciki.

Tunda muna kan maganar bari in ɗan ƙara miki kan asalinshi. Garin da ya yi suna da wannan sana'a shi ne Fuzhou, babban birnin lardin Fujian a kudu maso gabashin Sin, bakin teku, har yasmin ɗin ne furen da birnin ya ɗauka alamarshi. Turara shayi da fure ya faro tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, amma sai zamanin daular Qing, ta ƙarshe, ya zama babbar kasuwa. Yau wurin da ya fi noman furen shi ne Hengzhou a yankin Guangxi. Wani abin kuma, furen ma baƙo ne a can, daga wajen Indiya ya shigo musu ta hanyar fatauci, sunan da suke kiranshi, moli, daga tsohon harshen Indiya ya samo asali. Mu kuma sunan yasmin daga Farisa ya biyo ta Larabci ya iso mu, ga shi har 'ya'yanmu muna sa ma Yasmin. A 2014 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa noman yasmin da shayi na Fuzhou cikin gadon noma na duniya, sannan a 2022 UNESCO ta sa sana'ar shayin gargajiya ta Sin cikin gadon al'adu, a wani zama da aka yi a Rabat. Ni abin ya burge ni da aka yi shi a Maroko, don ta can ne koren shayi ya ratso Sahara a bayan raƙuma har ya iso butocinmu.

Gargaɗi ɗaya Hajiya, wannan kwaɗayin warin bai ƙare ba don an sa shi a gwangwani. Ni nawa an taɓa ajiye min shi a kwando ɗaya da daddawa da yaji, kwana huɗu kawai, da na jiƙa sai na ji kamar miyar kuka aka sa ma turare, ban faɗi wanda ya ajiye ba don ina son zaman lafiya a gidana. Ki rufe shi gam, nesa da kicin, nesa da turaren wutarki, nesa da rana, kuma kar ki yi ta adana shi sai baƙi sun zo, koren shayi ba ya son tsufa, cikin shekara a shanye.

TAMBAYA: Kawu a sa sukari ko kar a sa? Na'a-na'a fa da citta? (Daga wani ɗalibi a jami'a)

AMSA: Su can ba sa sawa. Kai kuma bakinka ne, in ba za ka iya ba sa ɗan kaɗan a bakin cokali, amma ka fara gwada kofi ɗaya haka nan. Na'a-na'a da citta da kanumfari kam a'a, su masu babbar murya ne, suna shiga furen zai yi shiru, ka yi asarar kuɗin. Madara ma bar ta wa mai shayin bakin tasha. In zafin bazara ya dame ka, sa cokali biyu a lita ɗaya ta ruwan sanyi ka saka a firigo ya kwana, in wuta ta zauna, da safe ka tace. Ba ɗaci ko kaɗan, kuma na fi son shi haka a watan Afrilu. Ruwan ma a duba, in na rijiya ne mai kanwa-kanwa zai dushe ɗanɗanon, nemi mai daɗi.

TAMBAYA: Malam an ce min yana rage ƙiba yana wanke ciki, har wata ke sayar da shi a WhatsApp da tsada wai maganin tumbi. Ni kuma ina da juna biyu wata biyar, zan iya sha? (Daga wata 'yar'uwa, Sabon Gari)

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya raba lafiya. Shayi ne, abin sha, ba magani ba. In mutum ya bar lemon kwalba da shayi mai sukari cokali biyar ya koma wannan ba sukari, to zai iya ganin canji, amma barin sukarin ne ya yi aikin. Wanda ke cin tuwo malmala uku ya kora da shi yana jiran tumbi ya sace, zai daɗe yana jira. Kuma ki yi hankali da masu haɗa ganyen shayi da maganin zawo su ce na rage ƙiba ne, wannan mai ciki ko kusa kar ta je.

Abu biyu ya kamata ki sani. Yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, duk da bai kai na gahawa ba, kuma likitoci suna son mai ciki ta rage shi, da yawa suna cewa kar ya wuce miligiram 200 a yini in an haɗa duk abin da ta sha. Kofi ɗaya na shayin nan marar ƙarfi yana ƙasa da haka sosai. Na biyun shi ya fi damuna a nan wurinmu, shayi kowane iri yana rage ma jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda ke ƙara jini, mata masu ciki kuwa ƙarancin jini ya yi musu yawa. Don haka kar ki sha shi kan abinci ko ki haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shi, ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. In kin je awo ki faɗa ma ungozoma, ita ta san jininki, ni ban sani ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direba ne, na kai wani ɗan Sin masaukinshi ya ce in shigo in sha shayi. Ya zuba min bai cika kofin ba, ni kuma na ji kamar rowa. Da na karɓi butar na zuba mai sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, na ɗauka na yi laifi na ajiye. Me ke nan? (Daga wani direba, Zango)

AMSA: Malam direba ba ka yi laifi ba, godiya ya yi maka. Al'ada ce da ta fi ƙarfi a kudancin ƙasarsu, wajen Guangdong, in an zuba maka shayi ka ɗan buga tebur da yatsu maimakon ka katse hira da na gode. Suna ba da labari, na baka ne dai, wai sarkinsu Qianlong na ƙarni na 18 ya fita yawo a ɓoye cikin kayan talakawa, a wani gidan shayi ya zuba ma baranshi, baran kuwa ba damar ya faɗi ya yi gaisuwa asiri zai tonu, sai ya lanƙwasa yatsu ya buga tebur a madadin durƙuso. Mu da muka tashi muna ganin yadda ake faɗuwa gaban Sultan a fada ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Rashin cika kofi ma ladabi ne, suna tsayawa wajen kashi bakwai cikin goma, don kofunansu da yawa ba su da mariƙi, in an cika baƙo zai ƙona yatsa, a wurinsu cika ma mutum kofin shayi fal kamar wulaƙanci ne. Kuma za ka lura kana shanyewa yana ƙara maka, ba ya bari ya bushe, in ka ƙoshi sai ka bar saura a ciki. Ba kamar mu ba da in an sha na uku kowa ya san an tashi. In an miƙo maka ka karɓa da hannu biyu, wannan ai mun iya. Ba mamaki ma mai yasmin ɗin ya ba ka, don shi ne shayin tarbar baƙo a gidaje da yawa, musamman a arewacinsu, mutanen Beijing sun riƙe shi sosai duk da furen ba ya yi a sanyinsu, daga kudu ake kai musu, akwai shagunan shayi a birnin irin su Wuyutai da ke sayar da shi tun 1887.

In ka sake komawa ka riƙe mai 'yar butarka da furno da gawayi, ka dafa mai namu har zagaye uku da kumfarshi, ka ce mai ganyen garinsu ne. Ka rubuto min yadda fuskarshi ta yi a na fari.